Ga Ɗana Mai Kula da Kwamfutoci a Dungas

Ɗana, na ji an ɗora maka kula da kwamfutocin ofishinku, kuma kana gunaguni kan littafin ITIL da aka ce ku karanta, wai ɓata takarda ne. Yi haƙuri ka saurare ni.

Gwamnatin Birtaniya ce ta fara tsara shi, littattafan farko suka fito a 1989, lokacin da kowane ofishi nata ke tafiyar da na'urorinsa yadda ya ga dama. An yi ta sabunta shi har zuwa ITIL 4 a 2019. Tarin dabaru ne da masu aikin suka gwada suka ga amfaninsu.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne bambancin gyaran gaggawa da neman tushen matsala. A ce dattijuwa ta taso daga ƙauye a amalanke tun asuba don takardar haihuwar jikanta, firinta ta ƙi. A wannan lokacin aikinka ka sallame ta, ko da aron na'urar ofishin maƙwabta ne. Amma idan firintar ta ƙi yau, ta ƙi jibi, sai ka zauna bayan an tashi ka bincika: ƙurar hunturu ce ta cika ta, ko wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi? Ba ka ganewa sai kana rubutawa. Sayi littafin 'yan makaranta. Duk abin da ya lalace ka sa rana, da wanda ya kawo kuka, da abin da ka yi.

Kada kuma ka sauya manhaja ranar kasuwa, gari cike da jama'a. Sanar da abokan aiki tukuna, ka ajiye kwafin bayanai kafin ka taɓa komai.

Ayyuka 34 littafin ITIL ya lissafa, yawancinsu sun fi dacewa da manyan kamfanoni. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ɗauki uku ko huɗu da ofishinku zai iya.

Tun da Dungas ta rabu da Magariya ta zama gunduma a 2011, aikin da a da ake zuwa nema can ya dawo hannunku. Kai kuwa ma'aikaci ne, gobe ana iya mayar da kai Damagaram. Don Allah ka koya wa wani abin da ka sani, ka damƙa wa shugabanka kalmomin sirri a ambulan rufaffe. Allah Ya yi maka albarka.