Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Ƙera Balan-balan ɗin da Likitoci Ke Hurawa a Jikin Mutum?

TAMBAYA: Watannin baya fitsari ya tsaya wa mahaifinmu, muka kai shi asibiti aka sa masa robar fitsari. Ina tsaye ma'aikacin jinya ya ɗura ruwa da sirinji ta wani ɗan reshe na robar. Da na tambaye shi sai ya ce akwai balan-balan a ciki da ke riƙe ta. Bayan haka kuma na ji an ce wani maƙwabcinmu da ya je jinya Masar, da balan-balan aka buɗe masa jijiyar zuciya. Don Allah wane irin balan-balan ne wannan? Yaya ake yin sa, kuma me ke hana shi fashewa a cikin mutum?
Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Abin da ma'aikacin jinyar ya gaya miki gaskiya ne. Sai dai na Baba da na maƙwabcinku suna ne kawai ya haɗa su, hali ya raba. Na Baba an yi shi don ya kumbura cikin sauƙi. Na zuciya kuwa an yi shi don ya kai girman da aka yanka masa ya tsaya cak, ko da an ƙara matsa masa. Duk gwanintar masu ƙera su tana cikin wannan bambancin, don haka bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ke jikin robar fitsari

Wani likitan mafitsara ɗan Amurka, Frederic Foley, shi ya tsara wannan roba tun daga 1929, kuma har yau da sunansa ake kiranta a asibiti. Hanya biyu ce a cikinta. Babbar ita fitsari ke bi ya sauka a jaka. Ƙaramar, wadda kika ga an ɗura wa ruwa, tana bi ta cikin bangon robar har ta kai ga balan-balan ɗin da ke kusa da bakinta. Yawanci ruwa mililita 10 ake sawa, wato kimanin ƙaramin cokali biyu. Idan ya cika yakan kai girman babban goro, ya zauna a ƙofar mafitsara ya hana robar zamewa.

Wadda aka yi da ƙaron bishiyar roba, tsoma ta ake yi. Akwai wani siririn ƙarfe mai siffar robar. Sai a fara tsoma shi a wani ruwan gishiri mai sa ƙaro daskarewa, sannan a tsoma shi a cikin ƙaron, a ɗaga, a bari ya sha iska, a sake tsomawa har kaurin ya kai yadda ake so. Dabarar tana wajen tsomawar ƙarshe. Kafin a yi ta, sai a huda ƙaramar hanyar nan a daidai inda ake son balan-balan ya fito, a shafa wa wurin wani abu mai hana mannewa. Fatar ƙarshe za ta manne ko'ina a jikin robar, ban da wannan ɗan wuri. Shi ne ke tashi idan ruwa ya shiga ƙarƙashinsa. Daga nan sai a gasa ta tare da farar wutar da aka gauraya a ƙaron don ta yi ƙwari, a jiƙa ta a ruwan zafi ya wanke abubuwan da ke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi, a shafe ta da abin santsi.

Akwai kuma ta silikon, wadda ake yi wa balan-balan daban kamar hannun riga, a zura shi a manne bakinsa biyu. Ta fi tsada, amma ta fi daɗewa a jiki, wata takan kai mako 12, kuma ita ake sa wa wanda jikinsa ba ya shiri da ƙaron roba.

Wanda ke shiga jijiya

Ɗaya daga cikin balan-balan na farko da suka shiga jijiyar jini ma na ƙaron roba ne. Thomas Fogarty, tun yana ɗalibin likitanci a Cincinnati, ya yanke kan ɗan yatsan safar hannun tiyata ya ɗaure shi a bakin siririyar roba, da irin ƙullin da ya koya wajen kamun kifi. A farkon shekarun 1960 aka soma aiki da shi. Ana zura robar ta wuce gudan jinin da ya toshe jijiya, a hura ta, a jawo gudan waje.

To amma gudan jini yana da taushi. Kitsen da ya daɗe a bangon jijiya ya sandare ba ya jin wannan lallashi. Ki ɗaure balan-balan ɗin yara da zare a tsakiya ki hura: gefe biyu za su kumbura, ƙugun yana nan yadda yake. Haka mai taushi ke yi a jijiyar da ta tsuke, ya gudu inda babu matsi ya bar inda ake nema.

Wanda ya warware wannan shi ne Andreas Gruentzig, Bajamushen likita da a lokacin yake aiki a asibitin jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan. Wani farfesan kimiyyar haɗa sinadarai da ya yi ritaya, Heinrich Hopff, ya ba shi shawarar ya gwada robar PVC. A kan teburin ɗakin girkinsa ya riƙa ƙera su da dare, shi da matarsa da mataimakiyarsa da mijinta, suna dumama siririn bututu suna hura shi. A 1974 ya buɗe jijiyar ƙafa da shi. Ranar 16 ga Satumba, 1977, ya buɗe jijiyar zuciyar wani mutum ɗan shekara 38, mutumin yana farke. Bayan shekara 10 aka sake duba jijiyar, aka tarar tana nan a buɗe.

Yadda ake yin sa a masana'anta

Yau an fi amfani da nailan, da wata roba mai suna Pebax, da kuma PET, wadda ake yin gorar ruwa da ita. Suna zuwa ne a matsayin ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa. Abu na farko shi ne busar da su sarai, domin nailan yana shan laima, kuma laima kaɗan ta isa ta bar kumfa a bangon balan-balan.

Daga nan sai a narka su a tura ta wani inji. Idan kin san injin murza taliya, kin san rabin aikinsa. Bambancin shi ne wannan yana fitar da bututu mai rami a tsakiya kamar makaroni, siriri ƙwarai, ya bi ta kwamin ruwan sanyi ya daskare. Na'ura tana auna kaurinsa yana tafiya. Idan ramin ya karkata, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, to an yi asara tun daga tushe, domin siririn gefen ne zai fara yagewa.

Sai a yanka bututun gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa a dumama bakinta biyu a ja su su ƙara sirancewa, a bar tsakiya da kaurinta. Wannan tsakiyar ita za ta zama balan-balan. Ana zura ta a wani mazubi na ƙarfe ko gilashi wanda aka sassaƙa cikinsa daidai da siffar da ake so, yadda ramin tanda ke ba waina siffarta. A toshe baki ɗaya, a dumama mazubin har robar ta yi laushi ba tare da ta narke ba, sannan a tura iskar naitirojin mai ƙarfi ta ɗaya bakin, injin kuma yana jan bututun ta gefe biyu. Cikin 'yan daƙiƙu robar ta buɗe ta lafe a bangon mazubin.

A nan sirrin ƙarfinsa yake. Ki ja leda a hankali, za ki ji ta miƙe, ta miƙe, sannan ta yi tauri ta ƙi ƙarawa. Dalili shi ne roba tana ƙunshe da dogayen zarurruka da ido ba ya gani, a cukurkuɗe. Ja yana miƙar da su su jeru. A cikin mazubin ana ja ta tsawo, iska kuma tana ja ta faɗi, sai zarurrukan su jeru wasu a tsaye wasu a kwance kamar saƙar tabarma. An riga an cinye kusan duk miƙewar da robar za ta iya yi tun a masana'anta, shi ya sa a jikin mutum ba ta da sauran inda za ta. Kafin a fito da shi sai a ƙara masa zafi yana cike da iska don siffar ta zauna masa, sannan a sanyaya.

Abin da ke fitowa ɗan ƙarami ne. Na jijiyar zuciya faɗinsa yakan kama daga milimita 1.5 zuwa 5, tsawonsa santimita 1 zuwa 3, bangonsa kuwa bai kai kaurin silin gashi ba. Ma'aikata sanye da hula da takunkumi da safar hannu, a ɗakin da ake tace iskarsa, suna duba kowane ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wanda aka ga ɗigo ko ƙarzuwa a jikinsa, shara. Wanda ya tsallake sai a manna shi a jikin doguwar robar da zafi ko hasken lesa ko gam, a sa 'yan zobba biyu na ƙarfe mai daraja, irin su filatinam, a ƙarƙashinsa, don likita ya ga farkonsa da ƙarshensa a hoton da yake kallo. Sannan inji ya fitar masa da fukafukai uku ko biyar, ya naɗe su kamar yadda ake naɗe laima, a rufe a leda, a kashe ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid, domin tafasawa za ta lalata shi.

Me ke hana shi fashewa?

Gwaji. Mai faci yakan ba tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin, balan-balan ɗin zuciya yana aiki ne daga wajen 90 zuwa sama, wasu kuma suna jure kusan 300. Daga cikin waɗanda aka ƙera akan ɗebi samfuri a nutsa su a ruwa mai ɗumin jikin mutum, a yi ta ƙara musu matsi har su fashe, a rubuta inda kowanne ya kai. Da wannan ake fitar da iyakar da ake bugawa a jikin kwali, kuma ƙa'idar ita ce a ƙasa da wannan iyaka 999 cikin 1,000 ba za su fashe ba. Ana kuma hura wasu a sace, a hura a sace, don a ga ko za su gaji. Har yadda zai fashe an tsara masa: ana so ya tsage ta tsawo, don idan ya yanke a zagaye wani ɓangare na iya gutsurewa ya zauna a jijiya.

Kariya ta biyu ita ce abin da ake cika shi da shi. Muna cewa hurawa ne kawai, amma na zuciya ruwa ake sa masa, wanda aka gauraya da maganin da ke fitowa a hoto. Ruwa ba ya matsuwa, don haka ko an sami tsagewa, zubowa zai yi. Iska kuwa za ta fita da ƙarfi, kumfarta ta toshe jini. Likita yana riƙe da sirinji mai agogon matsi, yakan bar shi a cike na 'yan daƙiƙu zuwa minti ɗaya, ya sace shi ya zare. Sau da yawa akwai wata 'yar ragar ƙarfe da aka ɗora a kansa, wadda ke buɗewa ta zauna ta tokare jijiyar. Ita ke zama a jikin mutum, balan-balan ɗin fitowa yake yi.

Ina ruwanmu da shi?

Manyan masana'antun na zuciya suna wurare irin su jihar Minnesota ta Amurka da birnin Galway na ƙasar Ireland, Malesiya kuma ta yi fice a na ƙaron roba. Bishiyar roba tana fitowa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, amma galibin robobin da ke asibitocinmu shigo da su ake yi, kuma hukumar NAFDAC ce ke da alhakin yi musu rajista. Amfaninsu a wajenmu ya wuce na tsofaffi maza. Dokta Kees Waaldijk, wanda ya shafe shekaru yana aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina, ya nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri bayan doguwar naƙuda aka bar ta makonni, wasu ƙananan ramukan sukan haɗe ba tare da tiyata ba. A Bangaladash kuma, Farfesa Sayeba Akhter ta ɗaura kwaroron roba a bakin robar asibiti, ta cika shi da ruwa a cikin mahaifa don ya danne jijiyoyi ya tsayar da jinin da ya ɓalle bayan haihuwa, dabarar da ta bazu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Shawara gare ku, Malama: kada Baba ko wani a gida ya ja robar nan da nufin cire ta, komai damunsa da ta yi. Abu mai girman goro ba zai bi ta hanyar fitsari ba sai ya yaga ta, sai an fara zuƙe ruwan da sirinji. Ku riƙa ajiye jakar ƙasa da mararsa, ku kiyaye ranar da aka ce a canza. Idan fitsari ya daina sauka, ko aka ga jini, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar. Idan kuma an aike ku sayo sabuwa, ku duba ledar ba ta huje ba, kwanan watanta bai wuce ba. Sau ɗaya ake amfani da ita, ba a wanke ta a mayar.