Yadda Ake Gwada Ra'ayin Schelling Kan Rabuwar Unguwanni a Kwamfuta

A 1971 masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thomas Schelling, ya ce ba sai mutane sun tsani juna ba unguwanni ke rabewa. Ya isa kowa ya so a samu 'yan kaɗan irinsa cikin maƙwabtansa. Shi da kwabbai ya gwada a kan allon wasa. Kai kuwa kwamfuta za ta yi maka a zama ɗaya.

Da farko ka sauke manhajar NetLogo, wadda Uri Wilensky ya ƙirƙiro a 1999. Kyauta ce. Ka buɗe Models Library, ka zaɓi Segregation.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki biro ka rubuta abin da kake zaton zai faru. Kada ka tsallake wannan, don in ba ka rubuta ba, duk abin da ya fito cewa za ka yi dama ka sani.

Sai ka danna setup. Allon zai cika da gidaje kala biyu a cakuɗe, da 'yan guraben da ba kowa. Kowane gida yana duban maƙwabta har takwas. Ka ajiye ma'aunin son zama da irinka a kan kashi 30, ka danna go, ka zuba ido. Wanda bai gamsu ba zai tashi ya koma wani gurbin. Tashin nasa ya ɓata lissafin waɗanda ya bari da na waɗanda ya tarar, su ma su kwashi kaya. Idan ƙura ta lafa, za ka tarar kusan kashi 70 na maƙwabtan kowa irinsa ne, alhali 30 kawai aka nema.

Yanzu ɗaga ma'aunin zuwa 80. Kowa zai yi ta ƙaura ba zama, garin kuma ya ci gaba da zama a cakuɗe.

Gwaji ɗaya ba hujja ba ne, tunda a hargitse ake rarraba gidajen kowane karo. Yi amfani da BehaviorSpace da ke cikin NetLogo ka maimaita gwajin sau da yawa, kana canza abu ɗaya tak.

A ƙarshe ka auna sakamakon da tarihi. Kwamfuta ta nuna abin da zai iya haddasa rabuwa ne kawai, ba lallai shi ne ya haddasa ta a zahiri ba. Sabon Garin Kano, alal misali, Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi ga baƙi. Don haka ɗalibi, kafin ka rubuta cewa ra'ayin ya tabbata, je ka binciki yadda aka kafa unguwar da kake nazari.