Juyen Baƙin Mai a Gida: Shawarar Makanike ga Manoma da Direbobi

Na fi shekara 20 ina gyaran mota a Funtua, kuma duk kaka sai an jawo mini motocin da injinsu ya buga. Yawanci ba tsufa ke kashe su ba, sakaci ne wajen juye. Tunda tsadar rayuwa ta matsa, mutane da dama sun koma yin juye da kansu a gida. Ban ga laifinsu ba, don aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida.

A kakar bara wani bawan Allah ya ɗauko masara a akori-kura daga Dandume. Da safe ya yi juye a ƙofar gidansa. Bai iso Funtua ba jar fitilar mai ta kama, ya ce bari dai ya ƙarasa. Da aka jawo mana motar muka kwance filtar mai, sai ga roba biyu a haɗe. Tsohuwar ta manne a jikin inji, bai lura ba ya ɗaura sabuwa a kanta, man duk ya tsiyaye a titi. Gyaran ya cinye ribar masarar har da ƙari, mutumin yana tsaye idonsa ya kawo ruwa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don kallo ɗaya da ya tsare masa dukiyarsa.

Ga yadda muke yi. Ka tayar da mota kamar minti 5 man ya yi ɗumi, ka kashe ta a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a taya. Kada ka yarda ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a ƙasa mai laushi. Ka tara kwano, ka kwance notin ƙasan inji, ka bar man ya tsiyaye tsaf. Wajen mayar da notin kada ka gwada ƙarfi, hanyarsa saurin lalacewa gare ta.

Sai filta, inda aka fi yin ganganci. Wasu kan zuba sabon mai su bar tsohuwar filta, wai don sauƙin kuɗi. Wannan wanka ne da komawa cikin tsumma. Idan filta ta toshe, man yakan kewaye ta ya shiga inji da dattinsa. Ka cire ta, ka duba ka tabbata tsohuwar robar ta fito, ka shafa sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaure da hannu kawai.

Ka zuba irin man da kamfanin motar ya rubuta. Tsofaffin motoci da yawa 20W-50 suke sha, amma sababbi sun fi son mai sirara irin 5W-30. Ƙaramar mota kamar Corolla wajen lita 4 take ci. Ka guji man da ake aunawa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin hanya, ka sayi galan mai hatimi. In ka gama, ka tayar da inji, ka ga fitilar mai ta mutu, ka leƙa ko akwai yoyo, ka kashe, ka ɗan jira, sannan ka duba geji. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu da ke jikin gejin, don yawansa ma illa ne.

Motar da ke bin hanyoyin gona na Bakori, Kafur, Danja da Malumfashi, ga lodi ga ƙurar hunturu, ba ɗaya take da motar birni ba. Ni shawarata kada ta wuce kilomita 5,000 ko wata 6 ba juye, kuma a riƙa duba filtar iska.

Tsohon man kuwa guba ne. Kada a zubar a gona, ko kwata, ko kusa da rijiya, kuma a daina shafa wa dabbobi a gyambo. A zuba a jarka a rufe, a kai gareji.

Ɗan uwa, idan jar fitilar mai ta kama kana tafe, ka tsaya nan take ka kashe inji, ko da gida na gabanka. Don Allah wanda ya karanta ya isar wa wanda bai gani ba. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a amfanin gona.