Kare Mai Gudu A Gidan Da Ba Fili

Darasinmu na wannan fitowa a kan kare yake. Mun ɗauko shi daga ƙasar Ingila, inda ake da wani irin kare da ake kira larca. Mutane da yawa sukan karɓo shi daga gidan ajiyar karnuka saboda tausayi. Bayan ƴan watanni sai ya gagare su. Daga nan sai tambaya ta taso: a ci gaba da riƙonsa, ko a nema masa wani gida? Amsar wannan tambaya za ta amfani duk mai kiwon dabba.

1. Wane irin kare ne larca?

Larca ruwa biyu ne. Ɗaya daga cikin iyayensa kare ne mai farauta da ido, kamar wanda Turawa ke kira girehawun. Ɗayan kuwa karen aiki ne, kamar koli mai kora tumaki, ko teriya mai kamun ɓera. Mutanen karkara ne suka haɗa su tun da daɗewa, domin su sami kare mai gudu da wayo wanda zai kamo musu zomo a sa a tukunya. Girehawun yana iya gudun kusan kilomita 70 a awa. Larca ya gaji ƙafar wannan, ya gaji kaifin hankalin wancan.

Wannan siffa ba baƙuwa ba ce gare mu. A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cin-Tabaraden, Abzinawa suna da karen Azawak, mai suna ɗaya da shanun nan da muka sani. Yana da doguwar ƙafa, da shafaffen ciki, da ƙirji mai zurfi. Shi ma da ido yake bin zomo da barewa. A shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai. Wanda ya taɓa ganin karen Azawak ya hango zomo, ya san halin larca. Da zarar abu ya gifta, ƙafa ta riga kunne. Kira ba ya tsai da shi. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

2. Me ke kai shi gidan ajiya?

A Ingila akwai ƙungiyoyi masu tattara karnukan da aka yasar, su yi musu magani, su nema musu sabon gida. An kafa gidan Battersea a Landan a 1860. Ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust kuwa an kafa ta a 1891. Larca yana cikin karnukan da ake yawan samu a irin waɗannan gidaje.

Ga dalili. A 2004 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta hana sakin karnuka su bi zomon daji don wasa, dokar ta fara aiki a watan Fabrairu na 2005. Duk da haka wasu suna yi a ɓoye. In kare ya ji ciwo ko gudunsa ya ragu, sai su watsar da shi a bakin hanya. Irin wannan kare bai taɓa kwana cikin ɗaki ba. Bai san kujera ba, bai san ƙarar mota a cikin gari ba.

Sai ga shi a hannun mutumin birni mai ɗaki biyu, wanda ke fita aiki da safe ya dawo da maraice. Kare ya ja igiya har ya kusa kada mai shi. Ya bi kyanwar maƙwabta. Ya sace abinci a kan tebur, gama tsawonsa ya kai. In an bar shi shi kaɗai ya yi ta kuka, ya yayyage shimfiɗa. Mai gida ya gaji, barci ya ƙaurace masa, ga kuma kunyar a ce ya kasa.

Babban haɗarin yana gona. Tun 1953 dokar Ingila ta ce laifi ne kare ya bi tumakin wani. Tunkiya mai ciki takan yi ɓari saboda kora kawai, ko da haƙori bai taɓa ta ba. Dokar 1971 kuma ta ba manomi hujjar kare kansa gaban alƙali in ya harbe karen da ke cikin dabbobinsa, matuƙar ba wata hanyar tsai da shi. Ke nan sakaci na minti biyu yana iya cin ran tunkiya da ran kare gaba ɗaya.

3. Abin da za a gwada tukuna

Mu lura da abu guda. Karen nan ba mugunta yake yi ba, aikin da aka haife shi dominsa yake nema. Duka ba ya cire gado, sai dai ya ƙara masa tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Ga matakan da masu horon karnuka ke ba da shawara a kansu.

Na ɗaya, a kai shi wurin likitan dabbobi. Ciwon ƙafa, ko na haƙori, ko na baya, yakan hana kare natsuwa. Fatar larca siririya ce, tana saurin yagewa, kuma ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi.

Na biyu, a ba shi lokaci. Ma'aikatan gidajen ajiya suna da wani ƙiyasi: kwana 3 kare yana cikin firgita, mako 3 yana koyon tsarin gida, wata 3 kafin ya saki jiki. Wani karen ya fi haka daɗewa. In kuma bai kai shekara 2 ba, ƙuruciya ma tana cikin abin da ke ɗibarsa.

Na uku, a ba shi gudu irin nasa. Doguwar tafiya a hankali ba ta isar kare mai farauta da ido. Abin da jikinsa ke so shi ne ya zuba gudu na ɗan lokaci, sa'an nan ya kwanta. A Ingila wasu manoma sukan kewaye fili da dogon shinge su ba da hayarsa awa-awa, domin masu irin waɗannan karnuka. Kada a sa shi gudu da rana tsaka, kada kuma a sa shi gudu da ya gama cin abinci, gama kare mai zurfin ƙirji yana da saurin kamuwa da murɗewar ciki, wadda ke kisa.

Na huɗu, a ba hancinsa aiki. A watsa abincinsa cikin ciyawa ya nema. A ɓoye ɗan nama a kusurwar gida. Sunsune-sunsune yana gajiyar da kare, yana kuma kwantar masa da hankali.

Na biyar, a bar shi ya yi barci. Babban kare yana bukatar barcin awa 12 zuwa 14 a yini. Karen da ake ta tayarwa yakan zama kamar yaron da barci ya kama ya ƙi kwanciya. A ware masa wuri mai shiru inda yara ba za su dame shi ba.

Na shida, a kiyaye na wasu. A waje, a riƙe shi da doguwar igiya da aka ɗaura a ɗamarar ƙirji. Kada a ɗaura doguwar igiya a wuya, gama in ya zabura ya kai ƙarshenta yana iya jin mummunan ciwo. A saba masa da takunkumi mai kama da kwando, wanda zai bar shi ya yi haki ya sha ruwa. Kusa da tumaki kuwa, kada a sake shi ko sau ɗaya.

Na bakwai, a koya masa zaman kaɗaici sannu-sannu. Yau minti 2, gobe minti 5. In ya yi abin kirki a ba shi lada nan take, ɗan nama ko shafa. Sannu ba ta hana zuwa.

4. Yaushe ya kamata a rabu?

Wani lokaci an yi duk wannan, abin bai gyaru ba. Mu faɗi gaskiya, akwai gidan da bai dace da larca ba. Ga alamu huɗu. In akwai ƙaramin yaro ko tsoho da karen ke bugewa ko yake yi wa gurnani. In akwai kyanwa ko kaji a gidan, karen kuma ya kafa musu ido kullum. In aikin mai gida ya tilasta a bar karen shi kaɗai yini guda. In lafiyar mai gida ko aljihunsa sun kasa ɗaukar nauyin.

Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba a Ingila haƙƙoƙi biyar: wurin zama mai kyau, abinci mai kyau, damar yin halin da aka halicce ta da shi, zama tare da ƴan uwanta ko nesa da su gwargwadon bukatarta, da kariya daga ciwo da wahala. Mu dubi na ukun da kyau. Wanda ya kulle kare mai gudu a ɗaki shekara da shekaru, ko da yana ciyar da shi nama, ya tauye masa haƙƙi. A nan miƙa shi ga mai fili shi ne cika amana. Masu shiga wannan hali suna da yawa: a 2022 kaɗai, Dogs Trust ta sami kira kimanin 50,000 daga masu neman a karɓi karnukansu.

5. Yadda ake miƙa shi

Da farko a koma gidan da aka ɗauko shi. Yawancinsu sun sa a takardar yarjejeniya cewa in abin ya gagara a mayar musu. Wuri yakan yi ƙaranci, don haka a sanar da su da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan a faɗi halinsa duka. Ya taɓa cizo? Ya taɓa kama kyanwa? Yana tsallake shinge? Wanda ya ɓoye aibin kare don a karɓa da sauri, ya ɗana wa gida na gaba tarko, karen kuma zai sake dawowa.

Kada a ba wanda ba a sani ba kyauta. Masu farautar ɓoye suna neman irinsa, ƙarshenta kuma su sake yar da shi. Tun watan Afrilu na 2016 doka ta tilasta a sa wa kowane kare ɗan ƙanƙanin na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambarsa. In kare ya sake gida, dole a sake sunan mai shi a rajista. A haɗa masa da takardar allurarsa da shimfiɗar da ya saba da ita.

6. Abin da ya shafe mu

Mu ma muna da karnukan farauta da na gadin gona. In damina ta faɗi aka shiga noma, karen farauta yakan rasa aiki, ya koma bin kaji da awakin maƙwabta, rigima ta tashi. Abin da aka saba shi ne a kore shi ya shiga gari. To, karen da ba mai shi ba wanda zai kai shi allura, shi ne kuma hanyar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare. Yara ƴan ƙasa da shekara 15 sun kai kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza. In alamun ciwon suka bayyana, ba a tashi.

Saboda haka wanda kare ya gagara, ya nemi makiyayi ko maharbin da ke bukatarsa, ya gaya masa halinsa, ya kuma kai shi allurar rigakafi wurin ma'aikatan kiwo kafin ya miƙa. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya tafi gidan likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Abin tunawa

Kafin mu ɗauki dabba, mu tambayi aikin da aka haife ta dominsa. In muna da wurin wannan aiki, mu riƙe ta. In ba mu da shi, mu miƙa ta hannu da hannu ga mai shi, da gaskiya a bakinmu.

Tambayoyi

1. Waɗanne irin karnuka biyu ake haɗawa a sami larca?
2. Me ya sa ba a ɗaura doguwar igiya a wuyan kare mai gudu?
3. Faɗi alamu biyu da ke nuna gida bai dace da kare ba.
4. Minti nawa ake wanke cizon kare, kuma ina ake zuwa bayan haka?