Yadda Ake Ɗaura Ɗan Injin Batir a Jirgin Faiba Mai Soso a Ciki

Tun daga shekarar 1934, lokacin da O. G. Schmidt ya ƙera irinsa na farko a garin Fargo, masuntan Amurka suka saba da wani ɗan injin batir da ake ɗaurawa a goshin jirgi ko a bayansa, wanda yakan ja shi sannu a hankali, ba da ƙarar da za ta kori kifi ba. Ɗaura shi a jirgin katako ba wata mas'ala ba ce. Amma jiragen faiba irin su Boston Whaler, waɗanda aka gina jikinsu da ɓawo biyu marasa kauri, aka cika tsakaninsu da soso don kada su nutse, hukuncinsu dabam ne, domin a zahiri jikin yana da tauri, alhali kuwa a baɗini babu abin da zai riƙe ƙusa.

Da farko a ɗora gindin injin inda ake nufi, a sauke sandarsa, a tabbata ta ba gefen jirgi tazarar kamar inci ɗaya da rabi, farfela kuma ta nutse aƙalla ƙafa guda. A manna salatif a wurin don kada ƙyallin saman ya tsattsage, sa'an nan a yi alamar ramuka. Mustahabbi ne a ƙwanƙwasa wurin tukuna, gama wasu maƙera sukan binne katako a ciki domin irin wannan bukata, amonsa kuwa ba ɗaya ba ne da na soso.

In soso aka tarar, to, nan aikin yake. Wanda ya huda ya zura ƙusa ya ɗaure noti, lalle zai matse soson ya lotsa, ƙusar ta soma girgiɗi, ruwa ya sami hanya ya jiƙa cikin jirgin, illar da ba a ganinta sai ta yi nisa. Saboda haka wajibi ne a huda ramin ya fi ƙusar faɗi, a lanƙwasa kan wata ƙusa a ɗaura ta a injin huda, a sa ta ciki ta ƙwaƙule soson da ke kewaye kamar rabin inci, a zuƙe garin tas, a toshe ƙasan ramin da salatif. Daga nan a fara shafa gam ɗin ifoksi tsararo, sa'an nan a ɗura wanda aka kaurara har ya yi kamar tunkuza, da sirinji, daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale. A bar shi ya kwana ya wuni, ko da an taɓa an ji ya sandare.

Bayan ya bushe a sake huda tsakiyarsa daidai kaurin ƙusa, wadda galibi rubu'in inci ce, ta ƙarfe marar tsatsa, a ɗan fafe bakin ramin don gam mai hana yoyo ya sami mazauni. Ni dai na fi son 3M 4200 a kan 5200, domin na biyun in ya kama, ranar cirewa sai an yi ta'adi. A ƙasa a sa farantin alminiyam mai faɗi wanda zai raba nauyin, a ɗaure notuna bi da bi har su kama, ban da wuce haddi. Inda hannu ba ya kaiwa ƙasa, gara a yanka 'yar taga mai murfi da a dogara ga ƙusoshi masu buɗewa a ciki.

Saura waya: injin mai bolt 12 da ƙarfin tura laba 55 yana bukatar makatsar wuta mai amfiya 60, a kuma sa ta kusa da batir.