Kafin ka furta kalmar Turanci, nemi gaɓar da ake dannawa

Mai karatu, sau da yawa nahawunka daidai yake, amma mai sauraro ya kasa gane Turancinka. Mu Hausawa da karin sauti muke bambanta kalmomi. A Turanci kuwa, gaɓa ɗaya ake dannawa a kalma, a sassauta sauran. In ka sauya wurin, ma'ana na iya sauyawa: REcord suna ne, reCORD kuma aikatau. Ɗaliban WAEC, ku kula, ana tambayar wannan a jarrabawar furuci.

Na farko, ƙirga gaɓoɓi da kunne, kada yawan haruffa ya ruɗe ka. Kowace gaɓa sautin wasali ɗaya gare ta. School gaɓa ɗaya ce, kada ka cusa mata wasali ta koma "sukul".

Na biyu, buɗe ƙamus. A yawancin ƙamus, ɗan layin da za ka gani a sama cikin rubutun furucin kalma yana zuwa ne daf kafin gaɓar da ake dannawa.

Na uku, in kalma ta ƙare da -tion ko -sion, galibi gaɓar da ta gabace su za ka danna: eduCAtion, deCIsion.

Na huɗu, saurari labaran Turanci a rediyo, ka riƙa maimaita kalmomin a bayyane. Kalma biyar a kullum ta isa.