Matsalar Fassarar Kalmomin Addini: Darasi Daga Haikalin Kanyakumari

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne, da Mumuye na fara magana, a kasuwar Jalingo na tsinci Hausa. Kwanakin baya malaminmu na fassara ya ba mu jinga a kan wani wurin bauta na mabiya addinin Hindu. Na rubuta cewa suna zuwa can aikin hajji. Da takardar ta dawo, sai na ga ya ja jan layi ya rubuta: "Hajji kuma?" Dalilin wannan ɗan tsokaci ke nan.

Wurin da Muhimmancinsa

Kanyakumari gari ne a jihar Tamil Nadu, a ƙarshen kudancin Indiya, inda ruwan Tekun Larabawa da na Bengal da na Tekun Indiya suke haɗuwa. Sunan na abar bautarsu ce, ma'anarsa budurwa. A imaninsu, an sa ranar aurenta da Shiba, amma zakara ya yi cara kafin lokaci, ango ya zaci ya makara ya juya. Da budurcin nan ne ta iya kashe azzalumi Banasura, wanda budurwa kaɗai za ta iya hallakawa. Shi ya sa masu ziyara suke wanka a mahaɗar tekunan don neman tsarki kafin su shiga haikalin. A 1892 malamin nan Bibekananda ya keɓe kansa bisa wani dutse a wurin, aka gina masa abin tunawa a 1970.

Wace Kalma Ta Dace?

Hajji rukuni ne na Musulunci, wurinsa Makka kaɗai, don haka "ziyarar ibada" ta fi dacewa. Sai na tuna Tsumburbura da Barbushe a Dutsen Dala, inda jama'a ke taruwa da hadayar baƙaƙen dabbobi, kamar yadda ya zo a Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908. A can Hausawa suna cewa "gunki" da "tsafi". Amma waɗannan kalmomi suna ɗauke da hukuncin mai faɗarsu. "Abar bauta" da "wurin bauta" kuwa bayani kawai suke yi.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, kafin mu ɗauki kalma mu tambayi kanmu: ta wace al'umma ce, kuma wane nauyi ta ɗauko? A jinga ta gaba "ziyarar ibada" na rubuta, ban ga jan biro ba.